Waya a Bayan Kunne

A Aboabo, bayan isha'i, aka ɗauke wuta.
Na kunna tocilan, na karanta wa Kawu Mutaru labarina:
shekara ɗari biyu nan gaba,
Kejetiya ta koma tashar kumbo,
ana ɗibar 'yan shekara tara
a dasa musu waya siririya a bayan kunne.
Wayar ke ɗaga hannu, ita ke danna kunama.
Yaron, Sumaila na raɗa masa, nasa kallo ne,
fasinja ne a motar jikinsa.

Na ce, Kawu, ka ga dabarar?
Aiki da niyya yake tafiya.
Na zare niyyar, yarona ya fita fes:
gari bakwai sun ƙone, hannunsa ko toka babu.

Kawu bai taɓa shayinsa ba.
Ya yi soja a Laberiya
tun ban san dama da hagu ba,
zancen da ko matarsa ba ta tonawa.

Ya ce: nawa babu waya a kunnensa.
Silifas ne a ƙafarsa, ɗaya ja, ɗaya shuɗi,
bindigar a tsaye ta kai masa haɓa.
Niyya kuwa yana da ita, na gan ta,
cikakkiya, kamar ta mai tayar da salla.
Ɗura aka yi masa, amma ta zauna.
Ni ne marar niyya.
Ƙafa na auna.
Wallahi ƙafa na auna.
Yaro gajere ne, ka gane,
ƙafarsa da cikinsa ba nisa.

Sauro ya cike mana shirun.
Bayan katanga wata na kankare tukunyar wake.

Ya ce, kai da ka ƙone gari bakwai a takarda
don a tausaya wa ɗanka,
mutanen garin fa? Ka raɗa musu suna?

Ko ɗaya.

Wuta ta dawo, unguwa ta ɗauki ihu.
Kawu ya miƙe yana laluben takalmi.
Cire masa wayar nan, in ji shi.
Bar shi ya so abin da ya yi.
Sannan mu ga ko za ka iya zuba masa tuwo,
ka ce masa matso, akwai wuri.

Wata uku ke nan ina shafi na sha ɗaya.
Sumaila na tsaye, bayan kunnensa ba komai,
yana kallona.