Tambayar Bayan Gilashi

Asuba ta riske mu a Tibilisi, a gindin katanga,
mu talatin da 'yan kai, kowa rungume da fayil
kamar mai jego da jariri ranar sanyi.
Daga Kutaisi muka taso a motar dare.
Ban runtsa ba. Mzekala ta yi barci a kafaɗata,
ta bar mini tambarin yawu a rigar aro.

A ƙofa aka karɓe wayoyi,
aka karɓe har gorar ruwa.
Abin da muka shiga da shi: suna, lamba, da bugun ƙirji.

Wata huɗu muke roƙo, ba mu ce shekara ba,
uku na wankin zanen gado a otal ɗin bakin tafki,
ɗaya na ganin duniya da abin da ya saura.
Kawu Otar ya sayar da maraƙinsa don kuɗin takardu,
ya ce, "Rance ne fa, ba sadaka ba," yana dariya,
dariyar da ba ta kai idonsa ba.

Matar bayan gilashi ba ta ɗago kai ba,
yatsunta na tsattsagar maɓallai kamar kaza ta samu tsaba.
Me kike karanta? Ilimin duwatsu.
Shekara ta nawa? Ta uku.
Sai ta ɗago, ta jefo wadda aka ce mu yi hattara da ita:
"Me zai dawo da ke gida?"

Na haddace amsar tun watan jiya:
jarrabawar ƙarshe, rajista, wasiƙar shugaban sashe.
Duk suka watse kamar ɓeraye sun ji motsin kyanwa.

Me zai dawo da ni?
Rumfar inabin bayan gida, mai nuna idan kaka ta yi,
wadda babu mai hawa mata tsani sai ni
tun da gwiwar Tsiala, uwar babana, ta ce ta gaji.
Kabarin baban nawa, wanda ciyawa ke haɗiyewa
in an yi mako uku ba a leƙa ba.
Wa zai buga wa waɗannan hatimi?
A wane layi na fom ake rubuta ƙamshin burodin maƙwabta?

Na ce, "Inabi."
Ta ce, "Na'am?"
Na ce, "Ba ya jiran kowa. In ban zo ba, tsuntsaye ne magada."

Ba ta yi murmushi ba, ban ce ta yi ba.
Ta dai jefa fasfona a kwandon gefenta.
A gidan nan, in an riƙe maka abinka, an ba ka;
in an miƙo maka da hannu biyu, an hana.

A waje na tarar da Mzekala, fasfonta a hannu,
da wata farar takarda mai ladabin magana.
Ita ba ta manta ko wasali ba.
Ta faɗi duk abin da aka koya mana, daidai wa daida.
Muka sayi burodi ɗaya, ba wadda ta iya ci.

Yanzu ga ni a Wiskonsin, a ɗakin ƙasa,
tururi ya jiƙa min gashi, injuna na gurnani.
Ninke zanen gado aikin mutum biyu ne:
ke riƙe baki, ni in riƙe baki, mu taka mu haɗu a tsakiya.
Wadda ke riƙe ɗaya bakin sunanta Oyuna, daga Mongoliya.
Kirki gare ta. Ba laifinta ba ne
da nake ɗago ido ina neman wata fuskar.

Jiya da dare hoto ya shigo wayata:
tsaninmu a jingine, ƙafar Mzekala a mataki na biyar,
hannunta tallafe da nonon inabi kore shar.
A ƙasa ta rubuta:
"Da sauransa. Kada ki yi gaggawa.
Ki kallo mini tekun da kyau."