Gwangwanin Eleuterio

A saman tudun Balfaraiso,
inda matakala ke cin gwiwar tsoho,
Eleuterio ya huda gwangwanin biskit da ƙusa.
Kuɗin kayan duka
bai kai na kifin kwana biyu ba:
tiransista huɗu, tsohuwar taransifoma,
lasifikar motar da ta mutu tun bara.

Hayaƙin dalma ya cika masa ido.
Ya ƙona yatsa, ya tsotse, ya ci gaba.
Da ya kunna, sai ƙugi
kamar zuma ta tare a tulu.

Jikarsa Maite ta ce kafasita ce.
Ya sauya. Ƙugi ya ja baya, bai tafi ba.
Ya gajarta wayoyi,
ya ɗaure ta ƙasa a jikin gwangwani.
Tsit.
Sannan, can ƙarƙashin kiɗan jita,
wata murya ta kutso daga tashar jiragen ruwa:
"Sassauta igiya. Hagu kaɗan."

"Kaka, wannan ma aibi ne,
ƙaramar kafasita za ta toshe ta."

Shekara talatin ya yi yana amsa wannan kira.
Ya zare ƙarfen dalma daga wuta,
ya ce, "Ƙyale ta.
Jirgin bai gama shigowa ba."