Leburorin Ƙarƙashin Ƙasa

A Ikorodu, gindin manyan turakun lantarki,
inda wayoyi ke gunji a bisa kaina,
nake da kunya goma sha ɗaya ta wake.
Fili na Baba Adisa ne, haya nake biya.

Legas garin ruwa ce, in ji masu faɗa,
teku gaba, tafki baya, gada bisa gada.
Amma bara sama ta ɗauke ƙafa a Agusta,
kwana ashirin da shida ko yayyafi babu.
Fure ya zube, ganye ya nannaɗe kamar tsohuwar naira,
mai tankar ruwa ya ninka kuɗin jarka.

Bana Gambo 'yar ƙanena ta zo hutu
da baƙin gari a leda, sai ka ce kwalli.
Ta ce, Baffa, rayayyu ne a ciki, dubbai kan dubbai.
Na shinshina. Na ce, gawayi dai.
Ta jiƙa ƙaro, ta cuɗa irin a inuwar ayaba,
wai rana na kashe su, mu binne kafin hantsi.
Kunya shida na ba ta. Biyar na hana,
ni ba na cinikin biri a sama.

Ruwa ya sake yin ƙaura.
Biyar ɗina suka kwanta, ba su tashi ba.
Shidan kan sunkuya da azahar, kamar kowa,
magariba na yi su miƙe
su karkaɗe riga.

Na tuge guda don in ga asirin.
Saiwa ta nutsa fiye da kamu,
jikinta duk ƙulle-ƙulle, carbi ya tsinke.
Na fasa ɗaya da farce:
ciki ja-ja, launin goro sabon ɓari.
Na kira Gambo. Hayaniyar danfo ta cinye rabin maganarta,
abin da na tsinta: in ja ne, suna bakin aiki.

Baba Adisa ya zagaya sau biyu, hannu a baya,
ya tambayi sunan malamin da ya yi mini.
Na nuna masa ƙasa.
Ya ce to haya za ta ƙaru.

A garin da kowa ke ihu don a san yana nan,
ga masu aiki ba albashi, ba kati, ba murya.
Tiya huɗu na kai Mile 12.
Yanzu in zan shiga tsakanin kunyoyi
nakan tuɓe takalmi.
Akwai mutanen gida a ƙasa.