Rigunan Bazara a Watan Sanyi

Tun asuba muka hau tudun Valparaíso,
akwati huɗu, matakala ɗari da sittin.
Ni na ƙirga, don ni ke ɗauke da na ukun,
wanda dutsen guga ke ciki.

Yuli ne, kuma Yulin nan sanyi ne mai cin ƙashi,
teku ke aiko shi ta kowane lungu.
Kayan da muka zo ɗauka kuwa na bazara ne:
riguna shara-shara, ruwan madara, ruwan ƙasa,
wando mai faɗin ƙafa, malafa mai taushi.
Kamfani ya raɗa musu suna "Ba Gaggawa",
mu kuma awa uku aka ba mu.

Maite ce mai kyamara.
Ba ta cika yi wa mutum magana ba, haske take yi wa.
Ta ce a jira rana ta tsallake rufin kwanon can.
Muka jira, muna hura tafin hannu.

Ni aikina a baya yake.
Duk abin da ya zauna ɗas a gaba,
ni na ɗaure shi inda ido ba ya zuwa:
fil goma sha ɗaya a gadon bayan Renato,
maƙalan shanya biyu a ƙugun Ximena.
Rigar ba ta yi wa kowa daidai ba,
hoto ne zai rantse ta yi.

"Yi dariya kamar yau Lahadi."
Ximena ta yi, leɓe ya yi shuɗi, haƙora na kaɗawa.
Da an ce ya isa, sai in ruga da bargo
in naɗe ta kamar jaririya.
Ta raɗa min, "Kuɗin haya nake wa murmushi."
A allo kuwa, sai ka ce zufa za ta ɗigo.

Can sai igiyar shanya ta faɗo cikin hoton.
Daga tagar bene wata tsohuwa, Eduvigis,
tana tura wankinta ɗaya bayan ɗaya:
zanen gado, safa marar 'yar'uwa,
da rigar ɗan dakon tashar jirgin ruwa,
shuɗinta ya gudu ya bar fari a kafaɗa,
gwiwar hannu da faci, facin ma da nasa facin.

Aka aike ni in roƙe ta ta sauke, minti goma kacal.
Na hau, na gaishe ta, na yi bayani.
Ta leƙa ta dubi rigar jikin Renato.
"Nawa?" Na faɗa mata.
Ta yi irin dariyar da muke nema tun safe.
"Wannan ta maigidana ce, shekara ashirin da biyu.
Shi ya tafi, ita ta ƙi.
Duk Talata nake wanke ta.
Ranar ɗaya ce, 'yata, ku ita kuke jira, ni ma ita.
Ba na saukewa."

Na sauko hannu rabbana.
Maite ba ta ce uffan ba.
Ta bar Renato tsaye da filolinsa,
ta ɗaga kyamara sama.
Iska ta shiga rigar marigayin ta cika ta,
ƙirji ya taso, hannaye suka buɗe.
Sau ɗaya ta danna.

Kamfani bai ɗauki wannan ba,
ba a sayar da abin da ke cikinsa.
Sun zaɓi arba'in, suka goge igiyar a kwamfuta,
sama ta fito fes,
kamar ba a taɓa wanki a garin ba.

Da dare ina zare fil, ina ninke kaya,
kowace riga na mayar da ita ledarta,
babu wadda ta san warin kowa tukuna.
Fil ya soke ni a kan ta bakwai,
ɗigo ɗaya, can cikin wuya.
Na sa ruwa, na murza, bai fita duka ba.
Na ɗan riƙe ta a hannu,
sannan na ninke ta haka nan.