Takalman Fresia

Gidan ba shi da lamba.
Ranar farko na hau matakala ɗari da sha huɗu
daga tashar jiragen ruwan Valparaíso,
na wuce ƙofar sau biyu ban gane ta ba.
Leontina mai riƙe da makullai ta ce: Madalla,
haka muke so.

Na zo da littattafan jami'a cike da jaka,
ko kallo ba su ishe ta ba.
Ta ce: Kada ki tsaya a bayan kowa.
In cokali ya suɓuce miki, yi dariya da wuri,
su san cokali ne.

Aikina ƙirga barguna, yanka burodi,
rubuta suna da fensir
don wata kan so a goge.

Fresia ta zo daren Talata ana yayyafi,
ɗa a kafaɗa, ledar magani a hannu,
da tukunyar na'a-na'a, rabi ya bushe.
Ban tambaye ta ba.
A nan ba a cewa “don me”.

Da takalmi take kwana.
Na gani a zagayen ƙarfe uku:
igiya ɗaure tam, ƙafa na duban ƙofa.

A mako na biyar Ximena ta naɗe kayanta.
Ya yi kuka a waya, in ji ta, bai taɓa yi ba.
Na tashi zan tare hanya,
Leontina ta riƙe min gwiwar hannu:
Mu ba ma kulle mutum.
Wanda ta baro ya fi mu iya wannan.
Ta ba ta lambarmu da sunan mai gyaran gashi.
Na shiga sito, tsakanin buhunan shinkafa,
na yi kukan da babu shi a manhaja.

Safiyata ta ƙarshe hazo ya cinye teku,
wani jirgi na ta kira, ba a ganinsa.
Na kai shayi ɗaki na huɗu.
Fresia na barci, baki buɗe,
takalman a ƙasa,
ɗaya tsaye, ɗaya ya kife,
na'a-na'a a taga ta fid da ganye uku.

Takardar jami'a ta ce: Me kika koya?
Layi biyu suka bari.
Na daɗe riƙe da biro,
sannan na rubuta: Barguna arba'in da ɗaya ne,
guda na wurin Ximena.