Daren Ƙirga a Arbroath

Mun rufe shagon kifi da wuri,
warin hayaƙi bai bar rigata ba.
Baba ya ja kujera gaban talabijin,
na zauna ƙasa, na jingina da gwiwarsa
kamar ba mu yi wata uku muna musu ba.

Ni Eh, shi A'a.
Akwati ɗaya ya haɗiye mu.

Ɗaya da rabi na dare gundumar farko ta buɗe baki,
ba da muryata ba.
Baba bai ce uffan ba, ya tashi ya ɗora buta.

Da Dundee ta faɗo na daka tsalle, shayi ya kife.
Ishbel maƙwabciya ta bugi bango sau uku,
na mayar mata.

Sai alƙaluma suka yi ta zuwa kamar igiyar ruwa,
kowace ta kwashe yashi ƙarƙashin ƙafata.

Gari ya waye, tutata na naɗe kan tebur.
Baba ya zura takalman roba, ya tsaya a ƙofa:
"Mhairi, teku ba ta san an yi zaɓe ba.
Zo ki riƙe mini igiya."

Na share ido da hannun riga,
na bi bayansa.