Ba a Cin Iri

A zauren Inna Tabawa, bayan masallacin gabas,
inda dā ake ɗaure akuya,
nan muka jera kwalabe da goruna,
kowanne da toka a baki, ganyen darbejiya a gindi.
Ni ke riƙe da littafin,
don ni na yi aji shida, hannuna bai manta biro ba.

Dokar ba ta da tsawo:
ka ɗauki gwangwani ɗaya da shuka,
ka dawo da biyu da kaka.
Ba a cin iri.
Inna ta sa na rubuta wannan da jan biro.
Ba ta karatu, amma ta san ja jan kunne ne.

Delu ta kawo yakuwa daga bayan ɗakinta.
Hansai ta kawo gauta mai ɗaci, wanda mijinta ke so,
ya rasu, ita ba ta daina shukawa ba.
Malam Shekarau ya zo da kabewa,
wai kakansa ya taho da irin daga Haɗeja a aljihun taguwa.
In labarin ƙarya ne, kabewar dai gaskiya ce.
Na kanti mai hoto a leda mun gwada shi:
shekarar farko ya cika ido,
'ya'yansa suka tashi ba su san ubansu ba.

Sai shekarar da kogi ya kwana a gonakinmu.
Cindo ya ari wake, gwangwani biyu, na rubuta.
Marka ta yi tsawo, rumbu ya koma ganga,
yara huɗu, tukunya na tafasa ruwa zalla.
Ban gani da idona ba,
amma ƙauye ba shi da ƙyaure:
an ji ƙamshin wake a gidansa daren Laraba.

Kaka ta zo, masu biya suka biya.
Layin Cindo ya zauna fari fat a littafi,
shi kuma ya sake hanyar masallaci,
yana zagayawa ta bakin kududdufi
kada inuwarsa ta gifta zauren.
Na ce, Inna, in ja masa layi?
Ta ce, bashi hanji ne, yana cikin kowa.
Rufe bironka, yaro.

Ranar wata kasuwar Auyo, da la'asar sakaliya,
sai ga shi, ya tuɓe takalmi tun daga nesa,
riƙe da kwalbar turare mai tsatsa a marfi.
Yana gyaran jinkar ɗakin babarsa, in ji shi,
ta faɗo daga cikin tanka.
Ba wake ba ne. Ba shi da wake.

Inna ta zazzage a tafin hannu,
ta kai kusa da idon da ya rage mata,
ta ciji ƙwaya ɗaya,
ta daɗe ba ta ce komai ba.
Kuɓewa ce, gajeriyar nan mai ja a tsini,
mai ba da miya kafin gero ya fid da kai,
wadda muka ɗauka ta bi babarsa kabari
damina huɗu da suka wuce.
Ƙwaya goma sha tara, har da wadda aka ciza.
Sau biyu na ƙirga.

Bakwai suka tsiro a gindin randar Inna,
inda ruwan alwala ke zuba.
Muka kewaye su da ƙaya saboda kaji.
Ba wanda ya tsinki ko ɗaya don miya,
aka bar su suka bushe a tsaye,
suna kacau-kacau in iska ta taɓa su.

Bana gida goma sha ɗaya suka are ta.
Har yau ban san me zan sa a layinsa ba,
gwangwani ba ya auna wannan.
Mata dai sun riga ni.
In sun zo aro, daga bakin ƙofa za ka ji:
a ba mu 'yar Cindo.